Mutum Arba'in da Ɗaya na Gonar Whitlock

Mutanen unguwarmu a kwarin Salinas masu yankan latas ne. Suna da ƙarfin jiki, suna da coci, suna da ƙungiyar ƙwadago. Abin da yawancinsu ba su da shi ita ce takardar zama a ƙasa.

Don Anselmo Quiroz yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Bayan yajin aiki gonar Whitlock ta kore shi, ta raba sunansa ga sauran gonaki, bai ƙara samun aiki ba har ya rasu. Ɗansa Rigoberto ya gaje shi a aikin ƙungiyar. Shekara goma yana bi gida-gida, ana zuba masa wake da tortiya, wato gurasar masara, ana faɗa masa abin da ko limamin coci ba ya ji. Daga baya ya koma shirya wa 'yan takara yaƙin neman zaɓe, kuma ya ƙware. 'Yarsa Noemi tana ajina, shekarunta tara.

Da ɗan Whitlock mai gonar ya fito neman kujerar gunduma, Rigoberto ya tafi wurin abokiyar takararsa da ƙafarsa, ya ce zai yi mata aiki.

* * *

Ranar Lahadi bayan coci, yayarsa Ofelia ta same shi a mota yana duba wata takarda. Noemi tana kujerar baya.

"Sunayen su wa ke nan, Rigo?"

"Ma'aikatan Whitlock marasa takarda. Ɗansa yana yawo yana cewa a kori baƙi, alhali su ke cika masa akwatunan latas. Jarida za ta so wannan."

"A ina ka samo?"

"A kaina suke, Yaya."

"A kan teburinsu ka ji, da cokalinsu a bakinka." Ta dafa ƙofar motar. "Ka sa kwat ka manta wanda ya ciyar da kai."

"Ban manta komai ba. Na tuna Baba zaune a ƙofar gida shekara goma sha ɗaya yana kallon motar ma'aikata tana wucewa. Sai na ga ɗan nan ya sunkuyar da kai a bainar jama'a."

"Su kuma fa?"

"Ba za a buga suna ba. Adadi kawai."

Gaskiya ya faɗa, adadi kawai aka buga: mutum arba'in da ɗaya. Amma jami'an shige da fice ma suna karanta jarida. Ranar Alhamis da hantsi suka tare hanyoyin gonar biyu, suka cika motoci uku.

* * *

Ɗan Whitlock ya faɗi zaɓe warwas. A wajen bikin nasara Rigoberto ya ɗaga Noemi sama, ya ce, "Yau kakanki ya huta."

Washegari na iske ta a aji lokacin tara, tana zaune kusa da kujerar ƙawarta Griselda, wadda aka kai gidan wata gwaggo a wani gari tun ranar da aka tafi da uwarta. Ta jera mata fensira a kan tebur, ko za ta dawo.

"Malama, Baba ya ce bai san za a kama su ba."

Na zauna a gefenta.

"Amma da na ce maman Griselda, bai tambaye ni wace ce ba. Cewa ya yi, Consuelo, mai dafa wake da man alade."

Noemi ta gane cewa babanta ya san matar sarai lokacin da ya ƙirga da ita.