Ƙyauren Da Aka Kai Kibiya

Ranar da aka cire ƙyauren gidanmu, ina tsaye a zaure da buta a hannu. Mai walda ya ɗora shi a bayan a-kori-kura. Alhaji Munzali, mai gidan da muke haya a Rano, yana cikin motarsa, ya sauke gilashi rabi.

"Habu, aro na yi. Siton shinkafata na Kibiya ba shi da ƙofa. Sati biyu zan sa muku sabo."

Na ce, "Allah ya kai mu, Alhaji." Da ƙyar kalmar Alhajin nan ta fito daga bakina. Benci ɗaya muka zauna da Munzali a firamare, ni nake ba shi amsa. Yau gidajensa huɗu, ni kuwa ina faci a bakin tasha. Ba zan ɓoye ba, arzikinsa yana ci mini rai, kuma bakina bai taɓa hutawa a majalisa ba. In ya sayi mota, in ce tsohuwa ce aka yi wa fenti. In ya tafi Umara, in ce yawon buɗe ido ya je.

Sati biyu suka zama wata biyar. Buhu muka rataya a ƙofar. Sau biyu na je tuni, aka shanya ni a gaban get ɗinsa, maigadi yana tambayar sunana. Ban koma na uku ba.

* * *

Wata Juma'a, maza duk muna masallaci, samari biyu suka ɗaga buhun suka shiga kamar gidan ubansu. Keken ɗinkin matata Huseina suka sunkuta. Ta riƙe gam, don da shi muke cin rabin tuwonmu. Ɗaya ya sare ta da adda a hannun dama.

A asibiti aka ce yatsu biyu ba za su zauna ba.

* * *

Na kai ƙara gaban mai unguwa, Malam Lado, aka kira Munzali.

"Ranka ya daɗe, gidansa ne. Shi ya cire ƙofar ya bar mu a buɗe. Ya ɗauki nauyin hannun nan."

Munzali ko murya bai ɗaga ba. "Ni na sare ta? Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma a tambayi jama'a, tun yaushe Habu yake neman abin da zai kama ni da shi?"

Abokan hirata suka sunkuyar da kai, Saminu mai shayi har da gyaɗawa. Malam Lado ya dube ni da tausayi, ya ce, "Habu, hassada ga mai rabo taki ce. Ka rungumi ƙaddara."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Shekara ashirin ina yi wa mutumin nan ƙage ana dariya, ranar da na zo da gaskiya babu mai saye.

A gida Huseina tana ƙoƙarin zura zare a allura da hagu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, da ka rage surutu a baya, da yau an ji ka."

* * *

Ran kasuwar Kibiya na je na tsaya a gaban siton. Ga ƙyaurenmu da kwaɗo biyu, ga maigadi da gora. Buhunan shinkafa suna ciki a inuwa, babu mai taɓa su. Wallahi kishinsu na ji, irin wanda ban taɓa yi wa Munzali kansa ba.

Shuɗin fentin da na shafa wa ƙyauren da sallar bara bai koɗe ba. Ranar, Huseina ta dafa shi kafin ya bushe, muka yi ta dariya. Shatin hannunta yana nan, yatsu biyar cif.

Na miƙa hannu. Maigadin ya buga gora a ƙasa.

"Malam, matsa can. Alhaji ya hana taɓa masa ƙofa."