Ƙugiyar Baba Ɗahiru

Ƙungiyar manoman wake da Kubra ke yi wa aiki a Mayahi tana da biro mai ɗaki biyu. A ɗaki na biyun, bisa wani tebur da aka tokare wa ƙafa ɗaya da bulo, akwai tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da ma'aikata ke kira Rumbu. A cikinta ake ajiye sunayen mambobi, da garuruwansu, da gonakinsu, da irin da kowa ya shuka, kowane a jerinsa, lamba ɗaya ta ɗaure su wuri guda. Kubra ce ta girka ta da ta dawo daga karatu a Maradi. Shirin da ke tafiyar da Rumbu ba saye aka yi ba. Irin wanda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu su rubuta ne, su bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya leƙa cikinsa, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Shekara uku Rumbu na aiki, in dai ba wutar kuran ce ta ɗauke ba, ba ta taɓa yi wa kowa gardama ba.

Ran wata Talata da hantsi wani dattijo daga Attantané ya zo a sa sunansa. Baba Ɗahiru ke nan, dogo, mai furfura a gemu da alƙalamin bik a aljihun gaba. Da ranin nan ya gama karatun manya, kuma tun daga lokacin ba a rubuta komai a gabansa bai leƙa ba. Asiya, sakatariyar biron, ta buga sunan yadda ta saba, irin na takardun lokol, makarantar boko, wato Dahirou. Ya sunkuyo har gemunsa na taɓa kafaɗarta, ya ce wannan ba shi ba ne. Shi D ɗinsa mai ƙugiya ce, haka malaminsu ya koya musu, kuma wancan o ɗin da aka cusa kusa da ƙarshe bai san daga gidan wa ya fito ba.

Asiya ta goge, ta nemo harafin, ta rubuta Ɗahiru, ta danna. Allon ya tsaya cak. Daga ɗayan ɗakin Kubra ta ga Rumbu ta yanke hulɗa da kowa, kamar wadda ta suma. Ta tayar da ita, aka sake bugawa, ta sake faɗuwa. Sau uku ana haka.

Baba Ɗahiru ya gyara zama, ya harɗe hannuwa. Ya ce shi bai yi mamaki ba ko kaɗan. Tun yana saurayi wani mai hoto a Tasawa ya taɓa saita shi, na'urar ta ƙi tashi, kuma akwai rediyon maƙwabcinsa da ya mutu ranar da aka ambaci sunansa a gaishe-gaishe. Sunan na da nauyi ne, ba kowane ƙarfe ke iya ɗaukarsa ba.

Mushe Alkasim, shugaban ƙungiyar, ya ce a rubuta D kawai a huta. Dattijon ya ce gara ya koma gida ba suna. Kubra kuma, da ya kamata ta goyi bayan shugabanta, sai ta ji abin ya tsaya mata a rai. Ita ta girka Rumbu, ita ke yi wa mutane alfahari da ita, yau kuma a ce harafi ɗaya ya kayar da ita a gaban baƙo. Ta roƙi a ba ta mako guda.

Kafin makon ya cika, ƴan kabu-kabu sun kai labari har Gidan Amumune. Talata ta gaba Baba Ɗahiru ya dawo da abokansa biyu, Rabo da Manzo, wai sun zo su gani da idonsu. Dole Kubra ta kwafi Rumbu a ƙaramar ordinatarta don kada a tsayar da aikin biro, ta bar Asiya ta buga sunan. Kwafin ya faɗi. Rabo ya kama baki, Manzo ya matsa da kujerarsa baya kaɗan, shi kuwa mai sunan ya dubi rufi kamar ba shi ake magana ba.

A kan wannan kwafin Kubra ta yi ta gwaji, kashe ta tayar, kashe ta tayar. Ta buga Ƙasimu, lafiya lau. Ta buga Ƴarbaba, lafiya lau. Ƙaramin ɗ ma ya wuce sumul, ga shi nan cikin sunayen gonaki tun shekarun baya. Ta buga babban Ɗ shi kaɗai, ba Ɗahiru ba komai, shirin ya kife. Ta gwada babban Ɓ, shi ma haka. Ta yi dariya ita kaɗai, don ta gane shekara uku ana buga Dan Bouzou da Dan Ladi irin na faransanci, ba wanda ya taɓa tambayar Rumbu wannan harafi sai da dattijon ya zo da bik ɗinsa.

Shirin yakan rubuta abin da yake yi kafin ya faɗi, sai ta bi wannan sawun har cikin rubutun da aka gina shi da shi. Kwana biyu tana karatu, idonta na yaji. A ƙarshe ta iso wurin. Duk sunan da aka shigar, shirin na mayar da haruffansa ƙanana don ya jera shi cikin ƴan'uwansa. A babban jadawalin haruffan duniya, Ƙ da ƙ maƙwabta ne, ƙofa da ƙofa, haka Ƴ da ƴ. Amma Ɗ da ɗ ba unguwa ɗaya suke ba, ƙaramin na can wani shafi mai nisa. Wanda ya rubuta wannan sashe ya ɗauka kowane babban harafi ƙaraminsa na kusa, sai shirin ya miƙa hannu inda ba kowa, ya tafi da baya.

Gyaran layi huɗu ne. Ta yi shi a kwafinta, ta buga Ɗahiru, sunan ya shiga ya zauna kamar kowa. Tana iya tsayawa nan, amma ta tuna ba Mayahi kaɗai ake amfani da shirin ba. Ta haɗa ɗan Ingilishin da take da shi ta aika wa masu kula da shi bayani da gyaran.

Bayan kwana biyu wata mata ta amsa daga wata ƙasa mai sanyi, sunanta ma cike da ɗigo da wutsiyoyi har Kubra ta kasa karanta shi. Ta yi godiya, ta tambaya cikin ladabi ko da gaske akwai masu rubutu da wannan harafi yau da kullum. Kubra ta ari kayen Baba Ɗahiru na karatun manya, inda ya rubuta sunansa sau arba'in a shafi ɗaya, ta ɗauki hoto ta aika. Matar ba ta sake tambaya ba. Sai dai ta dawo mata da gyaran har sau biyu. Na farko wai tazarar da ta bari a farkon layi ba irin tasu ba ce, abin da ya sa Kubra ta yini tana ƙunƙuni. Na biyu ta ce a haɗa da gwaji, wato wani ɗan sashe da zai riƙa buga kalma mai wannan harafi duk lokacin da aka sake gina shirin, don kada cutar ta dawo ba a sani ba.

Da dattijon ya dawo, wannan karon da mutum biyar a bayansa, Kubra ta ja shi gefe tukuna. Ba ta so ya ji kunya a gaban jama'arsa. Ta gaya masa an gano abin, kuma ba nauyin suna ba ne, kuskuren wani ne da bai taɓa jin Hausa ba. Ya juya bik ɗinsa a hannu, ya tambaye ta.

"To yanzu in an buga, shiga zai yi kamar na Manzo?"

"Kamar na kowa, Baba. Amma akwai abin da nike so in roƙe ka."

Ta yi masa bayanin gwajin. In ya yarda, sunansa za ta sa. Duk wanda zai taɓa shirin nan, ko a ina yake a duniya, sai injinsa ya rubuta Ɗahiru daidai kafin a bar shi ya wuce. Ya tambaya sau nawa a shekara. Ta ce a rana ma ya fi ɗari.

"Ɗiyata, ki sa," in ji shi. "Amma ki duba da kyau, kar su maido mini da o ɗin nan."

Ya fita wurin mutanensa ya shaida musu cewa an kai ƙarar injin har ƙasar Turawa, an hore shi, yanzu kullum sai ya yi bitar sunansa sau ɗari kamar ɗan lokol. Kubra na ji daga ciki, ta ga ba ƙarya ya yi ba sosai, ta ƙyale shi. Ta sa gyaran a Rumbu ta gaske, Asiya ta buga sunan, ya shiga, aka buga masa katinsa.

An karɓi gyaran a ƙarshen watan, da sunan Kubra a jikinsa, ta nuna wa Mushe Alkasim, ya ce madalla, ya tambaye ta ko yanzu za ta duba masa firintar da ke cin takarda. Wahalar da ta biyo baya ta Asiya ce. Mutanen Attantané suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya a gyara musu suna, masu ƙugiya da marasa ita. Rabo ya zo sau biyu yana neman a lanƙwasa masa b ɗinsa, ya ce ai wuri bai ƙare ba a katin. Asiya ta ce in ta yi haka Raɓo zai koma, kuma matarsa ba za ta san wanda ake nufi ba. Ya tafi yana cewa zai yi shawara da ita.