Bakin Malam Badamasi

Kowa a Mabai ya san Malam Badamasi ba ya harbi sau biyu. Tun yana saurayi yake farauta da bindigar toka, kuma duk zomon da ya gifta gabansa ya gama yawo. Da aka ce za a zaɓi 'yan sintirin da za su raka manoma girbi, shi ya fara hawa mota zuwa filin koyon harbi a bayan Ƙanƙara. Gonar ɗiyarsa Najiba ce ta ƙarshe a bakin daji, kuma ya yi mata alkawari shi zai tsaya mata.

Mai horon, Kofur Mas'ud, tsohon soja ne marar dariya. Ya ce, "Doka ɗaya ce babba. Bakin bindiga ba ya kallon mutum. Wanda ya kasa kiyayewa, gida zai koma."

Badamasi ya taɓe baki. Yaron da aka haifa jiya zai koya mashi riƙon bindiga!

Aka miƙa mashi sabuwa, mai cin harsasai da yawa. Ya saita garwar da aka kafa can nesa, tau! Garwa ta wuntsila. Kafin a gama tafi, tsoho ya juyo da bindiga, ya kafa baki a bakinta, ya hura. Ai haka maharbi ke yi da ta toka, don ya kashe sauran wuta kafin ya ɗura albarushi. Hannunsa ne ya yi, shi bai ma sani ba.

Kofur ya busa usur. Mutane suka zube ƙasa, wani har da kalmar shahada.

"Mi na yi kuma?" in ji Badamasi. "Wa na nuna wa?"

"Baba, kai ba mutum ba ne?" in ji Kofur.

Fili ya ɗauki dariya, ban da Kofur. Ya karɓi bindigar a hankali, ya ja ƙarfenta baya. Harsashi mai rai ya faɗo gaban takalmin Badamasi, yana ƙyalli.

"Wannan ka hura wa, Baba. Saura dama ɗaya. In ka sake, wallahi ko kai ka haife ni sai ka tafi."

Tsoro ya kama Badamasi, irin wanda bai taɓa ji ba ko gaban kura. Da yanzu gawarsa za a kai wa Najiba a bayan mota. Amma ya san kansa, hannun da ya saba ba ya jin wa'azi. Sai ya warware rawaninsa, ya naɗe bakinsa tam, ya ƙulle ta ƙeya. Samari suka riƙe ciki don dariya.

Aka sake miƙa mashi bindigar. Tau! Garwa ta sake faɗuwa. Hannun ya fara juyowa, leɓe ya ji tsumma, tsoho ya sandare. A hankali ya mai da bakin bindiga ƙasa.

"Ka ci, Baba," in ji Kofur, har da ɗan murmushi. "Kwance rawanin mana."

Badamasi ya girgiza kai. Ya miƙa bindigar, ya jira aka zare harsasan duka, aka nuna mashi cikinta wayam. Sannan ya sassauta ƙullin.

"Ɗana," ya ce, "ranar girbi ma da shi zan je. Kada wanda ya gaya wa Najiba dalili."