Kaset mai buzuzu

Na tarar da Midhat a falon kawunsa, ya danne jan maɓallin rikoda, rediyo na karatun Alƙur'ani. Da safen nan kawun nasa, Ustaz Fikri, maƙwabcina a hawa na uku, ya rasu, ana ta jera kujerun ta'aziyya a ƙofar gida.

"Wane kaset ka sa a ciki?" na ce.

"Wani lalatacce ne, Abla Inayat. Na kunna, sai ƙara kamar an taka kyanwa. Mai karatu sai la'asar zai zo, na ce in ɗaukar wa mutane abin saurare kafin nan."

Na ture hannunsa na ciro. Ga buzuzun da Ustaz ya zana da biro a jiki.

Shekara huɗu, tun da ya bar gadin gidan tarihi, bawan Allahn nan yake gina wasa a kwamfutar da ya jona da talabijin. Babu hoto, rubutu ne zalla. Allo ya ce kana bakin kabarin wani magini na zamanin Fir'auna, kai kuma ka rubuta "ɗauki fitila" ko "yi arewa". A kaset kwamfutar ke adana shi, ƙarar nan da Midhat ya ji ita ce wasan, kuma ba shi da wani kaset. Duk unguwarmu ta Shubra ni kaɗai ke bugawa, danginsa dariya suke masa. Ɗaki arba'in na wuce, saura ɗaya. Ranar Talata, yana kwance, na roƙe shi ya faɗa mini abin da ke ciki.

"Buɗe da kanki, Inayat," ya ce. "Naki ne ɗakin."

Na dubi Midhat. "Sau nawa ka hawo benen nan yana da rai? Yau ka zo, har ka san lalatacce."

"Haba Abla, Alƙur'ani fa na ɗora. Yanzu ai shi ya fi masa amfani."

Wannan ta fi ƙona mini rai. Na gwada kaset ɗin sau uku, kwamfuta ba ta gane shi ba, farkon ya tafi. Na jefa masa abinsa.

Suka kunna a ƙasa, ina tsaye a taga. Minti goma karatu ya yanke, ragowar wasan ta cika layi da ƙara, maza suna toshe kunne. Na leƙa sosai ina saurare, har wani ya miƙa hannu ya kashe.