Siminti Kamar Gishiri

Ni magini ne, kuma ginina ba ya faɗuwa. Da wannan nake cin abinci.

Tun da rikici ya raba garin nan biyu, aikinmu ya koma toshe ƙofofi. Duk gidan da ke kallon babban titi, inda harsashi ke bi, an liƙe ƙofarsa da bulo, ana fita ta baya. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta ƙi. 'Yarta na aure a tsallaken titin, shekara da shekaru ba su ga juna ba. Sai da harsashi ya fasa mata randa a tsakar gida sannan ta aika a kira ni.

Ina farke buhun siminti ta riƙe min hannu.

"Barbaɗa kaɗan, kamar gishiri. Sauran yashi."

"Haba Goggo! Wannan ai ko akuya ta jingina ya zube."

"Shi nake so. Ranar da yarinyata ta zo, tsayawa zan yi neman guduma?"

"Wace rana? Yaran da aka haifa cikin abin nan sun fara gemu. Ni ba zan ɓata sunana ba."

"Ji shi, wai suna! Ni na wanke maka kashi. Ɗauko ƙusa ka biyo ni."

Ta bi da ni ta lungu, gida-gida. A gidan tela, inda aka toshe ƙofa, ta karce tsakanin bulo biyu, yashi ya zubo. Gidan direba ma haka. An shafe sumul, ciki ba komai. Ashe shi ya sa ba a taɓa kirana aiki a layin ba.

Na ce, "Mu je gidan mahauci." Shi 'ya'yansa biyu aka kashe, ya rantse gaban jama'a ba shi ba mutanen tsallake har abada. Na karɓi ƙusar na karce da kaina. Yashi ya cika min tafin hannu.

Mahauci na tsaye a bayana. Ya kawar da kai.

"Siminti ya yi tsada lokacin," in ji shi. Mutumin da ya yi wa awakinsa daɓen siminti!

Layi guda, kowa na faɗin an gama, ba za a shirya ba, kuma kowa ya bar ƙofarsa tana jiran shuri ɗaya.

Muka koma, na fara kwaɓi. Goggo ta zauna tana kallon hannuna.

"Ya yi yawa," ta ce. "Rage."

Na rage.