Wayar da ta Rame

Saura kwana tara Dubravka ta kare digirinta na uku, Kawu Milutin ya ce mata wayar ƙarfen da take gwaji da ita ta rame.

Milutin ne mai kula da kayan ɗakin gwaji, shekara talatin yana gyaran ɓarnar ɗalibai. Ya ɗaga wayar a hasken taga, ya kanne ido ɗaya.

"Ke 'yar manoma, horon yunwa kike wa wayar Farfesa? Da kaurinta na ba ki ita. Dube ta yanzu, kamar silin gashi."

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓa ta juya ta a tafin hannu.

Akwai irin batirin da ke shaƙar iskar oksijin ya ba da wuta, amma ba ya aikin kirki sai da filatinam, ƙarfe mai ɗan karen tsada. Kowa a wannan fage madadinsa yake nema. Ita Dubravka totuwar masarar gonar mahaifinta ta ƙona ta zama gawayi, ta gauraya da gishirin ƙarfe, ta sake gasawa, ta sami baƙin gari. Garin kowa in an daɗe ana gwada shi sanyi yake yi, nata kuwa ƙarfi yake ƙarawa. A kan wannan ta gina aikin shekara huɗu, kuma a birnin Novi Sad ba wanda ya tuna cewa ruwa ba ya tsami banza.

Gwajin ba wuya. Kofin gilashi ne da ruwan asid, garin a bakin tsinke a gefe ɗaya, a ɗaya gefen waya mai cika zagayen lantarki. Wayar kuwa ta filatinam ce. Farfesa Grujić ya zo da ita daga waje tun yana saurayi, kuma al'adar ɗakin ce duk ɗalibin da ya gama ya miƙa ta ga na bayansa, a tafa, a ci gasasshen nama. Wa zai tuhumi irin wannan waya?

Da safen nan ta cire ta, ta sa sandar gawayi a gurbinta. Ta shafa sabon gari, ta kunna na'ura. Zuwa la'asar layin da ke nuna ƙarfin garin a kan allo ya sunkuya ƙasa, irin na kowa. Washegari ta sake, ya sake sunkuyawa. Ta kai tsohon garin gawayin ɗakin awo da ke hawa na biyu aka auna mata, sai ga filatinam a ciki. Asid ne ke cin wayar kaɗan-kaɗan, ƙarfen ya ƙetare kofin ya zauna a kan gawayinta, shi yake aikin, totuwa tana karɓar yabo.

Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ko haushi ba ta ji. Ta zauna a bakin taga ta cinye burodinta da cuku tas, har da kaɗe ɓurɓushi.

Farfesa ya karanta takardar awon sau biyu, sannan ya cire tabarau.

"Wa ya sani?"

"Kawu Milutin."

"Milutin ba ya karanta takarda. Ɗiyata, kwamiti ya sa hannu, an kama zaure. A bar kaza cikin gashinta. Ki kare abinki, in ƙura ta lafa mu gyara a hankali."

"Me zan kare, Farfesa?"

Ya kawar da kai. Yana kallon bango, inda hotunan ɗalibansa goma sha ɗaya suke jere, kowanne riƙe da wayar yana murmushi.

Ta koma teburinta ta rubuta wa kwamiti layi uku, cewa ta janye, ga dalili. Ta aika. Kamar takardar wani take cikewa.

Ranar Asabar mai gadi ya kira ta, wai tana da baƙo. Mahaifinta ne, Stevan, tsaye a gindin tsohuwar motarsa cikin sabuwar kwat mai guntun hannu, ga buhu biyu a gefensa.

"Gwada ta nake kafin ranar," in ji shi. "Uwarki ta ce na yi kama da mai gawa. An yi maganar rago, goggonki ma za ta zo. Ga totuwa, ɗaya-ɗaya na zaɓo miki, farare. Na hana uwarki hura wuta da ko guda."

"Baba, an fasa. Abin bai yi aiki ba."

"Kamar yaya? Ai har a jarida aka buga."

"Ba totuwar ce ke yi ba. Tun farko ba ita ba ce."

Ya kwance bakin buhu ya zaro guda, ya karya ta, ya shinshina, ya duba cikinta da kyau.

"Ta bara ruwa ya ɗan taɓa ta a rumbu," ya ce a hankali. "Ban gaya miki ba. Ko ita ce ta ja miki?"

Dubravka ta sunkuya ta kama kunnen buhun, shi ma ya kama ɗayan, suka fara hawa bene da shi.