Ƙafar Lallaɓa

Babban ɗan Lallaɓa ya kai a-kori-kurarsu wurin makanike mai kwamfuta ran Talata, ya ce wa ubansa juyen mai za a yi.

Shekara goma sha ɗaya tsohon yana dakon ƙwai da motar nan, daga gonar kajinsu zuwa shaguna. Motar tana da hali. In ka taka totur sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, can kuma ta zabura. Duk wanda ya ja ta sai ya yi ɓarna. Lallaɓa kaɗai ya san kanta: ya danna totur da ƙarfi, ya ɗage ƙafa kafin ta farka, sannan ya bi ta a hankali. Nan ya samo sunan. Gona ta koma hannun ɗan, da ma'aikata da komai, amma makullin mota yana aljihun uban, don ba mai iya ta sai shi.

Ran Laraba da safe aka loda ƙwai kiret ɗari da ashirin. Lallaɓa ya ɗaure igiya da kansa, ya shiga, ya tayar. Ƙafa ta yi abin da ta saba.

Motar ba ta yi shirun ba. Ta yi tsalle ta nufi ƙofar gona, ya taka birki, ya ji kaya sun rushe a bayansa. Da ya fito, gwaiduwa na tsiyaya ta ƙasan marfin baya, tana ɗiga a kan taya.

Ƙanwar matarsa, mai jera ƙwai, ta riƙe haɓa. "Yaya, yau duk unguwa za ka yi wa suya? Ai da ka faɗa na kawo albasa."

Ba wanda ya yi dariya. Gara ma a ce sun yi.

"Me ka yi wa motata?" ya tambayi ɗan.

"Gyara aka yi, Baba. An jona mata kwamfuta, an sake wa ƙwaƙwalwar injin tsari. Yanzu gwargwadon yadda ka taka, gwargwadon yadda za ta tafi."

"Ta ce maka ba ta da lafiya?"

"Ran da ka kwanta zazzaɓi, kwana huɗu kaya ba su fita ba."

"Shi ne ka ce mini juyen mai."

Aka sauke fasassun, aka cike gurbi. Ɗan ya miƙa hannu, uban ya ba shi makulli don mutane na kallo. Mutumin da bai taɓa kai kiret goma lafiya ba, shi ne ya ja motar ta fita sumul, hannu ɗaya a sitiyari, ko igiya ba ta motsa ba.

Kwana uku Lallaɓa yana gwada motar ba kaya, a bayan ɗakunan kaji, inda ba mai ganinsa. Ya gaya wa ƙafarsa ta bi a hankali. Sau biyu ta ji, na uku ta koma halinta, mota ta zabura, kaji suka ɗauki kuka. Ya cire takalmi ya gwada, duk ɗaya. An cire wa mota gardama, shi ba wanda zai jona masa waya ya cire masa tasa.

Ran Asabar ɗan ya same shi zaune a kan buhun abincin kaji. Ya durƙusa, ya ajiye makulli kusa da ƙafarsa.

"Baba, na yi kuskure da ban gaya maka ba. Na yi magana da mai kwamfuta. Ya ce tsohon tsarin yana nan a ajiye, minti ashirin ya mayar da ita yadda ka san ta."

Lallaɓa ya dubi makullin. Wato a mayar wa mota ciwonta don tsoho ya sami abin yi, kowa a gonar ya sani, har mai jera ƙwai.

"Ɗauki abinka."

"Baba, don Allah."

"A lalata mota don ta dace da ƙafata? Ba zan hau ba."